Yadda Na Bi Jiƙon Iya Har Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban samu na taka kekena cikin natsuwa ba. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta ajiye yadi ta gyara zama, ta ce, "To Saratu, ba mu labari." A zumuntar mata ma an bar waƙar da ake koyo aka juyo kaina. Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura labarin ya fara yin rassa a gari, don jiya wata ta tambaye ni wai da gaske ne raƙumi ya kore ni. Ba raƙumin da ya kore ni. Shi ya sa na karɓi takarda wurin maigidana Malam na zauna in rubuta shi yadda ya faru, mai so ya karanta, ni kuma in koma kan ɗinkin mutane.

Dalilin tafiyar Iya ce, uwar maigidana. Tun da aka kawo ni gidan nan na tarar da ita da al'ada guda: ba ta sa komai a baki da safe sai ta sha rabin moɗa na jiƙo. Haɗi ne na tazargade da 'yar kanwa da wasu ganyayen ƙasar Abzin, wani Buzu mai suna Agali ke kawo shi kasuwar Malumfashi. Ba ita kaɗai ba, tsofaffin unguwarmu, na coci da na masallaci, duk wurinsa suke saye. In Iya ta sha jiƙonta sai ta ci tuwo da kyau, sannan ta kushe miya. Ban taɓa yin miyar da ta ce ta yi daidai ba. Yau gishiri bai ji ba, gobe daddawa ta yi yawa. Na sha shiga ɗaki ina ƙunƙuni.

Ana nan sai ƙaramar hukuma ta fito da doka. Duba-gari suka zagaya kasuwa da mai shela: duk mai sayar da magani, na Bature ko na gargajiya, sai ya yanki lasisi, ya kai samfurin kayansa a duba, a manna hotonsa a takardar ya rataye ta a rumfa. Ni ban ga laifin dokar ba, don a shekarar wasu masu mota da lasifika sun riƙa kwance kafso cikin jiƙo suna sayar wa mutane, har aka kwantar da wasu a asibiti. Masu sassaƙe da yawa sun je sun yanka, har da Talatu maƙwabciyarmu mai maganin jego. Agali ma ya je ofishin. Ya shiga, ya fito, ya naɗe tabarmarsa, daga ranar ba a sake ganinsa ba. Gari ya ɗauka wai an gano maganinsa ba shi da kyau. Iya ta ce ƙarya ne, in da mugun abu a ciki da tuni an binne ta.

Da jiƙon ya ƙare sai ta fara ture abinci. Aka kawo na Talatu, ta kurɓa ta ce ba shi ba ne. Malam ya kai ta asibiti, likita ya duba bai ga komai ba, ya ce shi dai tsohuwa ta ci abinci, in jiƙon ne zai sa ta ci a nemo mata. Kullum tana ramewa, kullum tana ƙara yin shiru. Wata rana na cika wa miya gishiri da gangan don in ji ta yi faɗa. Ta kai loma ɗaya, ta ce, "Sannu da aiki, 'yata," ta ture kwanon. Ranar na shiga madafa na yi kuka, don na san abin ya kai inda ya kai.

Malam ba ya iya barin makaranta ana tsakiyar karatu. Sai Hajiya Dije ta gidan da ke bayanmu, mai fataucin atamfa, ta ce ai ita ta hangi Agali a kasuwar Maraɗi. "Ɗaura zanenki mu tafi," in ji ta. Ni da ko Katsina ban taɓa wucewa ba na ce to.

Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa, tsofaffi suka fara sallama. Kowace da saƙonta: in na ga Buzu in karɓo mata nata. Don kada in haɗa na wata da na wata, sai na jawo kwandon ƙyallayen ɗinki, kowace ta tona ta zaro ragowar yadin da na taɓa ɗinka mata, a ciki za a ƙullo nata. Suka cika mini ɗaki da gardamar wa ta riga wa sayen wane zane.

Muka shiga kiya-kiya a tashar Malumfashi da sassafe. An gama tsinkar auduga, manyan motoci sai wuce mu suke yi suna gangarawa Funtua. Kusa da ni wani dattijo ne mutumin Tsiga, ya rungumo kwandon zabi zai kai wa 'yarsa Katsina. Da ya ji inda za ni sai ya shiga yi mini huɗuba. "A Faransa," in ji shi, haka suke kiran ƙasar Nijar, "ba a tofar da yawu a hanya, ba a kallon jandarma cikin ido, kuma mace ba ta dariya a kasuwa." Na tambaye shi sau nawa ya je. Ya ce shi bai je ba, amma ƙanen matarsa ya kusa zuwa.

Gab da Kankiya taya ta fashe. Muka sauka, aka sauke kwandon dattijo, ashe murfin ya kwance. Zabi suka watse cikin karan dawa. Mota guda, da mai babbar riga da mai goyo, muka bazu muna kora muna ihu. Hajiya Dije da duk ƙibarta ita ta fara cafke guda da gyalenta. Da aka haɗa su wata mata 'yar Musawa ta buɗe kwanon dambu muka ci a gindin tsamiya, muna yi wa juna dariya kamar tare muka tashi. Dattijo ya rantse zabinsa sun ƙaru da ɗaya, ya tsaya yana neman mai gonar ya mayar masa har direba ya yi ta danna ƙaho.

Daga Katsina muka hau a-kori-kura zuwa Jibiya. A bakin iyaka malamin lafiya ya tare mu ya ce kowa ya fito da katin allurar rigakafi. Hajiya ta zaro nata daga lalita. Ni kuwa ba ni da shi. Ya ce ba komai, ga ɗaki nan, yanzu za a yi mini. To ni ga ni da baki, amma ba na son allura. Na ce a bar ni in yi tunani, na ce hannun na ciwo, na ce ko za a yi wa Hajiya a madadina tunda ta fi ni jiki.

"Ke da kike wuni da allura a hannu kina huda kayan mutane!" in ji Hajiya. "Yau dai kin ji abin da yadi ke ji. Malam, soka mata."

Ya soka. Ban yi ƙara ba, duk wanda ya gaya muku na yi ƙara Hajiya ce ta ƙara masa gishiri.

A Ɗan Isa, ɓangarensu, jandarma ya sa kowa ya sauko ya yi layi, direbanmu har da cire hula. Na tuna huɗubar dattijo na kafa ido a ƙasa. Mutumin ya yi ta yi wa takarda Faransanci, sannan ya ɗago ya ce da ni da Hausa garau, "Ke mi kika taho yi Maraɗi?" Na ce neman magani. Ya ce, "Ku da ke da manyan likitoci ku ka zowa wajenmu biɗar magani?" Na ce na uwar mijina ne, jiƙon Buzaye. Sai fuskarsa ta saki. Ya ce, "Ɗiyar kirki. Wuce, Allah shi ba ta lahiya." Na kalle shi cikin ido na ce amin, ba abin da ya same ni.

Mun shiga Maraɗi rana tsaka, na ɗauka rasuwa aka yi. Kantuna a rufe, ofisoshi a rufe, manya-manyan mutane kwance a inuwa suna barci. Hajiya ta ce haka suke yi kullum, sai rana ta karya a sake buɗewa. A Malumfashi magidancin da ya kwanta da azahar ai sai a zo dubiya.

Gidan gwaggon Hajiya muka sauka, wata tsohuwa mai yawan fara'a da ba ta bar ni na ɗauki ko tsintsiya ba. Tsakar gidan ba daɓe, rairayi ne fari, kowace safiya sai an tankaɗe shi da rariya an fid da tsakuwa. Na ce mu dai gari muke tankaɗewa, su har ƙasa. Aka kawo mana burodinsu dogo kamar muciya, ɓawonsa da tauri. Na raɗa wa Hajiya cewa an ba mu na shekaranjiya, ta ce yanzu aka fid da shi daga wuta. Sai da na tsoma shi a miya na gane daɗinsa. Kwaɗon zogalensu kuwa ban ga na biyunsa ba, kuma furarsu tsararo ce, sha ake yi ba a neman ludayi. Da na sunkuyar da kai zan yi addu'ar abinci, Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce kowa ya dakata sai baƙuwa ta gama. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai.

Washegari muka shiga kasuwa. Layin Buzaye guda ne, kowa ya naɗe fuska da rawani, ido kaɗai ake gani. Na yi sama na yi ƙasa, duk wanda na kalla sai in ga kamar shi ne. Na fara jin tsoron ko mun yi zuwan banza. Sai na ji an ce, "Matar Malam! Ina Iya?" Na waiwaya, ashe Agali ne.

Agali ya shimfiɗa mana buzu ya ɗora shayi. Su kuwa ba a maganar da ta kawo mutum sai an sha kofi na uku, kuma kowane kofi sai an yi ta ɗaga buta ana tsiyayawa ana mayarwa. Ni da ke da tsohuwa kwance a gida, ji nake kamar in ƙwace butar in zuba da kaina. Da aka kai ƙarshe na gaya masa halin da Iya ke ciki. Na tambaye shi ko gaskiya ne an ƙi maganinsa.

"Ba a ƙi ba," in ji shi. "Sun duba sun ce shina da kyau. Hoto suka ce in kawo, huska buɗe, tun daga goshi har haɓa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Tun ran da aka naɗa mani amawali ban buɗe bakina gaban mutane ba. Ko abinci ta ƙarƙashinsa nika ci. In buɗe, a rataye ni cikin kasuwa, surukina shi zo shi gani?"

Raina ya ɓaci, kun san ni. Na ce, "Haba Agali! Don hoto kawai tsofaffin gari guda suna wahala? Mene ne a baki? Kowa ba da shi yake yawo ba?"

Hajiya Dije ta ajiye kofinta ta ce, "Saratu, mene ne sunan Iya na yanka?"

Na ce ai ta sani.

"Na sani. Ke nake so ki faɗa, nan cikin kasuwa, mu ji. Mene ne a suna? Kowa ba da shi yake yawo ba?"

Tun da na shigo gidan Malam sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, ko takwararta na gani sai dai in ce mai sunan Iya. Na ce wa Agali ya yi haƙuri. Ya ce ba komai, mu tashi mu je gida Lalla ta haɗa mana sabo. Na ce wace ce Lalla? Ya ce, "Mai ɗakina. Ai ita ka haɗawa, wajen uwarta ta gada. Ni ɗauka kawai nika yi in kai kasuwa."

Gidansu na bayan gari, bukkar tabarmi ce a cikin danga. Nan na ga abin da ya juya mini kai. Mu a wurinmu mace ke lulluɓi namiji ya saki fuska, su kuwa akasin haka ne. Lalla na zaune cikin maza fuskarta a buɗe, doguwa, mai dariya da ƙarfi, tana aiken Agali ya miƙo turmi ya miƙo jaka, shi kuma yana miƙowa. Ta yi mini tambayoyi a kan Iya kamar ta san ta: ko tana barci, ko tana shan ruwa, ko bakinta na ɗaci. Ta ba mu fura da cuku da dabino a dame ciki. Sannan ta zauna tana sansana ganye tana dakawa, ni kuma ina miƙa mata ƙyallaye tana ƙullawa.

Ina kallon fuskar nan tata sai Talatu maƙwabciyarmu ta faɗo mini, da hotonta rataye a rumfa. Na ce, "Lalla, ke kina jin kunyar hoto?"

Ta ce, "Kunyar mi? Ban dai taɓa yi ba."

Na ce ai doka mai magani ta ce ya yanki lasisi, kuma mai maganin ga ta nan zaune. Mata ma ana ba su. In don mai tsaya wa baƙo ne, Malam zai tsaya. Agali ya kalli matarsa, ya kalle ni, sai ya ja amawalinsa sama har ya kusa rufe ido, kafaɗunsa na rawa. Na tsorata ko na yi saɓo. Hajiya ta ce, "Kwantar da hankalinki, dariya yake yi."

Da yamma muka rankaya wurin mai hoto. Lalla ta sha baƙin turkuɗi da sarƙoƙin azurfa kamar za ta gidan biki. Mai hoto ya zaunar da ita ya ce kada ta motsa kada ta yi dariya, sannan ya cusa kansa gaba ɗaya cikin baƙin ƙyallen akwatinsa. Agali ya nuna shi ya ce, "Ku duba mani! Shi mai ɗauka ya ruhe kansa duka, ni kuma a ce in buɗe." Lalla ta fashe da dariya, hoton ya lalace, sai da aka sake. Muka rabu a kan za su biyo bayanmu in sun kintsa, ni kuma in tafi da hoton in kai wa Malam ya fara bin ofis. Lalla ta ƙara mini wani ƙulli babba ta ce gyara ne.

Sai a dawowa na gane tsofaffin unguwarmu sun kusa jefa ni cikin rami. A Jibiya wani ma'aikacin kwastan ya kwance buhuna ya ga ƙulle-ƙulle birjik. Ya ce, "Madam, ina lasisinki?" Na ce ni tela ce. Ya ce doka ta yarda mutum ya shigo da na shansa, amma wannan kayan kasuwa ne, za a riƙe. Ya ja buhun gefensa. Har na fara ɗaura gyale a ƙugu, Hajiya ta mintsine ni. Sai na tuna Iya da kwanon da ta ture, faɗan ya zube, tsoro ya kama ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, in riƙewa za ka yi riƙe duka, amma ka bar mini shuɗin can. Na uwar mijina ne, ba ta cin abinci. Sauran saƙon mutane ne."

Ya ɗaga gira. Ya ɗauki wani ƙulli ya ce, "Wannan na wa?" Na ce na Kaka Jummai, ragowar rigar Kirsimetinta ce, ita ce mai cewa a matse mata hannu kamar budurwa. Ya ɗauki wani. Na ce na Hajiya Yalwa, zanen sunan jikanta, sau biyu ta dawo da shi wai ya yi mata gajarta. Ya ɗauki na uku, kafin in gama labarin mai shi abokan aikinsa sun taru suna dariya. Ya ɗaure buhun da hannunsa ya ce, "Ɗan kasuwa ba ya sanin masu sayensa haka. Ɗauki kayanki." Har na juya sai ya rage murya ya ce tsohuwarsa ma tazargade take sha, ta daɗe ba ta samu ba. Na ce ya kawo hankicinsa, na ƙulla masa daga gyaran Lalla.

Masu tambayar yadda ta ƙare da lasisi, ai kun gani da idonku. Duba-gari bai yi gardama ba, da suka iso Lalla ta dangwala yatsa aka ba ta. Hotonta na nan rataye a rumfarsu kusa da 'yan kanwa, tana danne dariya, Agali na zaune ƙarƙashinsa da amawalinsa yana auna wa tsofaffi.

Amma ni abin da na je nema tun washegarin dawowata na same shi. Da na iso na durƙusa na miƙa wa Iya shuɗin ƙullin. Ta kwance, ta kai hanci, ta lumshe ido ta ce, "Shi ne." Na jiƙa da yamma yadda Lalla ta ce, da safe ta shanye rabin moɗarta. Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka, na auna komai a hankali kamar mai yanka yadin amarya. Na ajiye mata na fito, na laɓe a bayan ƙofa. Na ji ƙarar murfi. Can sai na ji muryar nan da na daɗe ban ji ba.

"Ke 'yar nan!"

"Na'am, Iya."

"Har Maraɗi kika je ba wanda ya koya miki miya? Daddawar gari duka kika zuba a ciki?" Ta turo kwanon bakin ƙofa, an sharce shi tas. "Ƙaro mini tuwo."

Na ɗauki kwanon na nufi madafa da gudu, ina dariya hawaye na zuba.